Zaɓen Da Babu Zaɓi

Ina roƙon ku ara mini hankalinku na ɗan lokaci, in yi magana a kan wani irin zaɓe da aka daɗe ana yi a ƙasashen da suka bi tsarin gurguzu, watau kwaminisanci, har da wasu maƙwabtanmu na kusa. A irin wannan zaɓe, galibi jam'iyya ɗaya ce tak doka ta yarda da ita a ƙasa. Ita ke zama ta rubuta sunayen dukkan waɗanda za su shiga majalisar dokoki, sa'an nan a kira talakawa ranar zaɓe su zo su amince. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ɗan Anka, ko ɗan Gummi, ko ɗan Bukkuyum da abin da aka yi a Masko da Kwatano tun ba a haife mu ba? To, Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ra'ayina shi ne, zaɓen da aka san sakamakonsa tun kafin a buɗe rumfa cuta ne ga talaka, cuta ne kuma ga shi kansa mai mulki, kuma alamun wannan ciwo sun bayyana a ƙofar gidanmu.

Bari mu fara da inda abin ya yi tushe. A Tarayyar Sobiyet, daga shekarar 1937 har zuwa 1984, ana yin zaɓen majalisar ƙoli ta ƙasa, amma kowace kujera ɗan takara ɗaya ne ke nemanta, shi ma sai wanda Jam'iyyar Kwaminis ta sa wa hannu. Yadda aka tsara jefa ƙuri'ar shi ne abin lura. Idan mutum ya amince da sunan da ke kan takarda, ba ya bukatar rubuta kome, sai ya karɓa ya jefa cikin akwati a gaban kowa. Idan kuwa bai amince ba, dole ya nufi ɗakin sirri da alƙalami ya soke sunan. Ke nan duk wanda aka ga ya nufi ɗakin nan an san abin da ya kai shi. Wane magidanci ne zai yi wannan kasada, alhali aikinsa, da gidan da yake kwana, da gurbin karatun ɗansa duk a hannun hukuma suke? Saboda haka kusan kowane zaɓe sai a ba da sanarwa cewa fiye da kashi 99 cikin 100 sun fito, kuma fiye da kashi 99 sun amince. Ita majalisar kuwa sau biyu take zama a shekara, na 'yan kwanaki kaɗan, a karanta abin da shugabannin jam'iyya suka riga suka yanke, kowa ya ɗaga hannu, a watse.

Haka aka yi a Jamus ta Gabas, inda ake ba mutum takarda mai jerin sunaye guda, ya ninke ta ya jefa. A watan Mayu na 1989 gwamnatin ƙasar ta ce kashi 98.85 cikin 100 sun amince da jerin sunayenta a zaɓen ƙananan hukumomi. Amma a wannan karo wasu 'yan ƙasa sun tsaya a rumfuna sun kalli ƙidaya da idonsu, suka ga lissafin hukuma bai yi daidai da nasu ba. Wata shida bayan haka, a watan Nuwamba, katangar Balin ta faɗi. A Polan kuma, da aka sassauta a watan Yuni na shekarar nan, aka bar mutane su yi takara da gaske a majalisar dattawa, ƙungiyar ma'aikata ta Solidarity ta cinye kujeru 99 cikin 100. Manyan gwamnati 35 da aka jera a takarda guda ba tare da abokin hamayya ba, mutane suka bi su da alƙalami suna sokewa, biyu kaɗai suka tsira. Su ne fa mutanen da ake ta cewa suna ƙaunar gwamnatinsu shekara da shekaru. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kada mu ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Daga Gummi in mutum ya ratsa Jihar Kebbi ya nausa yamma, zai tarar da iyakar Jamhuriyar Benin, inda Hausawa 'yan'uwanmu suke fatauci a garuruwa irin su Malanbil, da Kandi, da Faraku, da Jugu. A watan Oktoba na 1972 wani hafsan soja, Matiyu Kereku, ya karɓi mulkin ƙasar, lokacin ana kiranta Dahome. A 1974 ya ba da sanarwa cewa ƙasar ta rungumi tsarin gurguzu irin na Makis da Lenin, a 1975 ya sake mata suna, ya kafa jam'iyya ɗaya tilo mai suna PRPB. A watan Nuwamba na 1979 aka yi zaɓen majalisa. Sunaye 336 aka jera wuri guda, an rarraba kujerun bisa sana'o'i, watau na manoma, da na ma'aikata, da na soja, da sauransu, mai zaɓe kuwa ba shi da ta cewa sai "i" ko "a'a" ga dukkan jerin gaba ɗaya. Aka ce fiye da kashi 97 cikin 100 sun amince. Aka sake yin haka a 1984, aka kuma yi a watan Yuni na 1989, aka ce kusan kashi 90 sun amince. A wannan shekara ta 1989 kuwa bankunan ƙasar sun durƙushe, malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati sun yi watanni ba albashi, ɗalibai da ma'aikata suna ta yajin aiki. Ko wata shida ba a cika ba da wannan zaɓe, a watan Disamba, gwamnati ta yi watsi da gurguzun. A watan Fabrairu na 1990 aka kira babban taron ƙasa a Kwatano, a 1991 aka yi zaɓe na haƙiƙa, Nisefo Soglo ya kayar da Kereku. Abin sha'awa, Kereku ya karɓi kaye ya sauka, kuma a 1996 ya sake tsayawa takara tare da abokan hamayya, mutane suka zaɓe shi da kansu. Ina ganin ƙuri'un 1996 sun fi masa daraja nesa ba kusa ba bisa kashi 97 na 1979, domin su ne aka ba shi alhali akwai damar a hana shi.

A Nijar kuma ba gurguzu aka bi ba, amma salon zaɓen ɗaya ne. A 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, jam'iyyar PPN ta Jori Hamani ta rage ita kaɗai. A zaɓen 1965 da na 1970, jerin sunayen PPN ne kawai a gaban mutanen Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, ta kwashe dukkan kujeru 50 na majalisa, shi kuma Shugaba Jori aka ce ya sami fiye da kashi 99. Da fari ya afka wa ƙasar a farkon shekarun 1970, dabbobi suka ƙare, yunwa ta kama mutane, ana ta gunaguni a kan yadda ake rabon hatsin agaji, majalisar nan ba ta iya tsawata wa kowa ba. A ranar 15 ga Afrilu, 1974, Saini Kunce ya hamɓarar da gwamnatin cikin dare ɗaya. A watan Disamba na 1989 aka sake gwada irin wannan zaɓe a ƙarƙashin Ali Saibu, jam'iyyar MNSD ta ɗauke dukkan kujeru 93, amma ba a yi shekara biyu ba sai da aka kira taron ƙasa a Yamai a 1991, aka buɗe ƙofa ga jam'iyyu da yawa.

To, adalci ne mu saurari masu goyon bayan wannan tsari, domin ba duka ne mugaye ba. Hujjarsu ta farko ita ce haɗin kai. Suna cewa jam'iyyu barkatai suna raba dangi, suna ta da gabar ƙabilanci, kuma ƙasa matalauciya ba ta da ƙarfin wannan rigima. Duk wanda ya ga yadda siyasa ke raba wa da ƙane a garuruwanmu, har maƙwabci ya daina zuwa sunan maƙwabcinsa, ya san akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Hujja ta biyu ita ce kuɗi. In babu takara, babu sayen ƙuri'a, babu 'yan bangar siyasa. Hujja ta uku kuwa, suna cewa ai jam'iyyu da yawa ba su hana juyin mulki ba, ga Nijar nan an yi a 1996, da 1999, da 2010, da 2023.

Amsata ita ce, shirun mutane ba ya nufin sun yarda. Gidan da mai gida ya hana kowa magana zai yi tsit, amma duk wanda ya leƙa zai ga labarin zuciya a fuska. Saɓanin da aka hana shi fitowa ta akwatin zaɓe ba ya mutuwa, yakan ɓuya ne ya fito ta bakin bindiga ko ta tarzoma a titi. Game da kuɗi kuwa, cin hancin wuri kawai yake sakewa. Maimakon ɗan takara ya bi talakawa yana lallashi, sai ya bi mai rubuta sunaye da toshiyar baki, talaka ko gaisuwa ba zai samu ba. Shi kansa Juliyas Nyerere na Tanzaniya, wanda ya fi kowa iya kare tsarin jam'iyya ɗaya a Afirka, ya gane wannan haɗari. Shi ya sa tun 1965 ya sa ake tsayar da mutum biyu a kujera ɗaya a cikin jam'iyyarsa, har wasu ministoci suka faɗi zaɓe. Batun juyin mulki kuma, gaskiya ne zaɓe mai takara ba ya maganin kowace cuta. Amma yana ba jama'a hanyar sauke shugaba ba tare da an zub da jini ba, wadda tsarin jeri guda ya toshe ta ƙaf.

A ganina illar zaɓen da babu zaɓi iri uku ce. Ta farko, wakili yakan ji tsoron wanda ya ɗora shi ne kawai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In gwamna ko shugaban jam'iyya ne ya rubuta sunanka, to, shi za ka yi wa biyayya, ko da rijiyar ƙauyenku ta ƙafe. Ta biyu, mai mulki yakan kurumce. Zaɓe kamar awon zazzaɓi ne da ake yi a asibiti. In likita ya umarci ma'auninsa ya riƙa nuna lafiya lau kullum, ranar da majiyyaci zai faɗi ba zai sani ba. Haka Jori Hamani da shugabannin Jamus ta Gabas suka wayi gari. Ta uku, kuma ita ta fi damuna a matsayina na ɗalibi, ita ce tana koya wa mutane ƙarya. Malamin zaɓe ya san lissafin da ya rubuta ba gaskiya ba ne, mai sanarwa a rediyo ya sani, uba ya sani, ɗansa ma da ke kallonsa ya sani. Yaron da ya tashi yana ganin manya suna sa hannu a kan ƙarya, da wane baki za a hana shi satar jarrabawa?

Yanzu bari mu dawo gida. Alhamdu lillahi, Nijeriya ba ta taɓa zama ƙasar jam'iyya ɗaya a doka ba, amma mun sha leƙa bakin ramin. Kakanninmu suna ba da labarin zamanin NPC da NEPU, yadda bin Malam Aminu Kano kan jawo wa talaka ɗauri ko tara, kuma a zaɓen tarayya na 1964 an ba da sanarwar 'yan takarar NPC da yawa a Arewa sun wuce ba hamayya, abokan takararsu suna kukan an hana su shigar da takardunsu. Iyayenmu kuma sun ga watan Afrilu na 1998, lokacin da jam'iyyu biyar da ke akwai duka suka tsayar da Janar Sani Abaca a matsayin ɗan takararsu guda. Jam'iyya biyar, suna ɗaya. Ina bambancin wannan da takardar Kwatano?

Abin da ya fi kusa da mu shi ne zaɓen ƙananan hukumomi. Jiharmu ta Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996, tana da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 ya ce jama'a ne za su zaɓi shugabanninsu, amma hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen, gwamna ne kuma ke naɗa mutanenta da amincewar majalisar jiha. A 2019, lokacin APC na mulkin jihar, ita ta lashe dukkan kujerun ciyaman 14. A 2024, lokacin PDP na mulki, ita ma ta lashe 14 ɗin duka. A Kano a shekarar 2024, NNPP mai mulkin jihar a lokacin ta ɗauke 44 cikin 44. Na kawo jam'iyyu uku ne da gangan, don kada wani ya ce ina yi wa wata aiki. Ciwon na duk wanda ya hau ne. Shin zai yiwu a ce daga Anka har Gummi, daga Bukkuyum har Shinkafi, ba a sami ƙaramar hukuma ko ɗaya da ra'ayin mutanenta ya bambanta da na gidan gwamnati ba? Mu da muke ganin yadda ake musu a majalisar mai shayi mun san amsa. A wasu lokutan ma ko zaɓen ba a yi, sai a naɗa kantomomi, abin da Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa tsarin mulki a hukuncinta na watan Yuli, 2024.

Me ya sa wannan ya dame mu? Domin ciyaman da kansila su ne hukumar da ta fi kusa da talaka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare, da Dareta, da Sunke, da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara gano abin, kuma garin Bagega sai a 2013 aka sami kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum suka yi kisa mai yawa. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a Gummi. Ba na cewa kansila zai iya tare ruwa ko ya kori ɓarayin daji shi kaɗai. Abin da nake cewa shi ne, a irin waɗannan ranaku mutane na bukatar wakilin da zai je Gusau da Abuja ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har a gaji da shi, domin ya san in bai yi ba za mu sauke shi. Wanda aka rubuto sunansa daga sama ba zai ɗaga murya ga wanda ya rubuta shi ba.

Akwai kuma darasi a abin da ya faru da jiharmu a 2019. A ranar 24 ga Mayu na shekarar, Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da APC ta samu a Zamfara, daga na gwamna har na 'yan majalisa, saboda jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba. Watau rigimar wa zai rubuta jerin sunaye ce ta jawo ƙuri'un dubban iyayenmu, da suka yini a layi cikin rana, suka tashi a banza. Wannan ya nuna zaɓi na gaskiya tun daga cikin jam'iyya yake farawa. A gefe guda kuma, a 2023 mutanen Zamfara sun kayar da gwamna mai ci, Bello Matawalle, suka zaɓi Dauda Lawal. Ko wane ɓangare mutum yake, ya kamata ya lura cewa abin da ya gagari mutumin Masko shekara hamsin, talakan Zamfara ya yi shi da ɗan yatsansa. Wannan dama ce bai kamata mu bari ta suɓuce ba, kuma ita muke so ta sauko har zaɓen kansila.

Saboda haka ina da roƙo ga iyayenmu maza. Ku riƙa shiga harkar jam'iyyunku tun daga mazaɓa, ku ƙi yarda a kawo muku suna daga Gusau a ce an yi maslaha alhali ba a shawarce ku ba. Ranar zaɓe in kun jefa ƙuri'a, ku tsaya cikin lumana har a ƙidaya a gabanku, yadda mutanen Jamus ta Gabas suka yi. Ga iyayenmu mata kuma, ku tuna sai a shekarun 1970 matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a, bayan irin wahalar da su Hajiya Gambo Sawaba suka sha a gidajen kurkuku. Abin da aka samo da wannan tsada ya fi ƙarfin turmin atamfa da sabulu. Ga 'yan majalisarmu, ina ganin lokaci ya yi da za a gyara doka, a fitar da hukumar zaɓen ƙananan hukumomi daga aljihun wanda ke kan mulki.

Mu kuma ɗalibai, da yawa daga cikinmu sun kusa cika shekara 18, lokacin da za mu yanki katin zaɓe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina ba hukumar makaranta shawara, cikin ladabi, a riƙa barin ɗalibai su zaɓi shugabanninsu da ƙuri'ar sirri, malamai su tace masu ɗa'a da ƙoƙari, amma a tsayar da aƙalla mutum biyu ko uku a kowane muƙami, a ƙidaya ƙuri'u a gaban kowa a filin taro. A nan ne za mu koyi yadda ake neman goyon baya da hujja, da yadda ake faɗuwa a miƙa wa abokin takara hannu, da yadda ake cin zaɓe ba tare da wulaƙanta wanda ya faɗi ba. Wanda bai koyi wannan a aji ba, da wuya ya koye shi bayan ya hau kujera.

A nan zan dakata. Duk lokacin da kuka ji an ce wani ya ci zaɓe da kashi 99, ko wata jam'iyya ta share kujeru duka ba ta bar ko ɗaya ba, kada ku yi saurin tafi. Ku tambaya tukuna, su wa aka bari suka tsaya, kuma wa ya ƙidaya. Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan talakawa, ya kawo mana zaman lafiya a Anka, da Gummi, da Bukkuyum, da ƙasarmu baki ɗaya, amin.